Ɗaukar Hoton Tsuntsaye Da Namun Daji Da Dogon Gilashi

'Yan'uwana ɗalibai, kowa a cikinmu ya san mai hoto. Ran bikin Uhola, ko ran Salla, ko Kirsimeti, za ka gan shi yana zagayawa da kyamara rataye a wuya. Ya ce ka gyara hula, ka gyara. Ya ce ka ɗaga haɓa, ka ɗaga. Ya ce kada ka motsa, ka ƙame kamar an dasa ka. Aikinsa da sauƙi, domin wanda ake ɗauka yana so a ɗauke shi. To, amma akwai wani irin hoto wanda abin da za a ɗauka ba ya so, ba ya jin magana, kuma da ya hango ka sai ya tashi ya bar ka da reshe. Wannan shi ne hoton tsuntsaye da namun daji, a kansa kuwa nake so in yi bayani a wannan fili.

Wajen mutum biyu na koyi yawancin abin da zan faɗa. Ɗaya kawuna ne, wanda hoto ne sana'arsa, shi ne kuma yakan ara mini kyamara in an yi hutu. Ɗayan wani tsohon maharbi ne a ƙauyenmu, wanda bai taɓa riƙe kyamara ba, amma ya san inda kowane tsuntsu yake kwana da inda yake shan ruwa. Sauran kuwa na tsinta cikin littattafai.

Mene Ne Dogon Gilashi?

Kyamara dai ɗan ɗaki ce mai duhu da ƙofa guda. Haske yakan taso daga jikin abin da ke waje, ya shiga ta ƙofar, ya zana surar abin a bangon ciki, kai ƙasa, ƙafa sama. Wani masani mai suna Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya bayyana wannan kimanin shekara 1,000 da suka wuce cikin littafinsa Kitabul Manazir. Da can fim ake sawa a bangon nan ya kama surar. Yanzu kuwa wani ɗan allon lantarki ne, wanda a manyan kyamarori faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, daidai da girman fim ɗin da.

A bakin ƙofar ake ɗaura gilashi mai tattara haske. Kowane gilashi da lambarsa a jiki, ta milimita. Lambar nan ita ce tazarar da gilashin yake bukata kafin ya tara hasken abin da ke nesa wuri ɗaya, kuma gwargwadon yawan lambar, gwargwadon girman surar. Gilashi mai lamba 50 yana ganin abu kusan yadda idon mutum yake gani. Mai lamba 400 kuwa yana ƙara girman abu sau 8, domin 50 sau 8 shi ne 400. Watau shamuwar da ke kan rimi, nisan mita 40, za ta fito kamar tana nisan mita 5. Masu hoton tsuntsaye sun fi amfani da 300, da 400, da 500, da 600.

Amma kowane samu da rashinsa. Gilashi mai lamba 50 yana ganin fili mai faɗin digiri 40 daga hagu zuwa dama, mai lamba 400 kuwa digiri 5 kacal yake gani. Kamar mai leƙe ne ta cikin bututu. Shi ya sa sabon shiga yakan ga tsuntsu sarai da idonsa, ya ɗaga kyamara, ya yi ta lalube cikin ganye bai same shi ba. Maganin wannan shi ne ka kafa idonka a kan tsuntsun, sa'an nan ka kawo kyamarar wajen idon ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Da farko, gilashi mai babbar lamba sai da bututu mai tsawon lambar. A shekarar 1891 wani mai haɗa gilasai a Ingila, Thomas Dallmeyer, ya fito da dabarar sa gilashi mai tara haske a gaba, da wani mai baza shi a baya, sai bututun ya gajarce, girman surar kuwa bai ragu ba. Irin wannan ne ake kira telefoto, watau hoton nesa.

Kada fa wani ya zaci da ya sami dogon gilashi nesa ta zo kusa ke nan, sai ya zauna a inuwa ya yi ta ɗauka. Bari mu yi ɗan lissafi. Tsawon kurciya kamar santimita 25 ne. In tana nisan mita 10, gilashi mai lamba 400 zai zana ta da tsawon milimita 10 a kan allon nan mai faɗin 36, watau ba ta cika sulusin hoton ba. In ta koma mita 20, sai ta zama milimita 5. In ta kai mita 50, ɗigo kawai za ka gani. Saboda haka ko da dogon gilashi, tilas mai hoto ya san yadda zai kusanci abin da yake nema.

Abubuwa Uku Masu Sarrafa Haske

Na farko shi ne ƙofar haske. Ku lura da idon kyanwa: da rana ƙwayar takan tsuke kamar tsinke, da dare ta buɗe. Haka ƙofar da ke cikin gilashi take. Ana auna ta da lambobi kamar 4, da 5.6, da 8, da 11. Abin da ke rikita mutane shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Daga 4 zuwa 5.6 haske ya ragu da rabi, daga 5.6 zuwa 8 ya sake raguwa da rabi. In ka raba lambar gilashi da lambar ƙofa za ka sami faɗin ƙofar. Gilashi mai lamba 600 da ƙofa 4 yana bukatar baki mai faɗin milimita 150, kamar bakin kwanon sha. Dalili ke nan irin waɗannan suke da nauyin kilo 3 ko fiye, suke kuma da tsadar da sai wane da wane.

Na biyu shi ne ƙiftawa. Cikin kyamara akwai wani marufi mai aiki kamar fatar ido: ya buɗe, haske ya shiga, ya rufe. Ana auna tsawon buɗewar da gutsuren daƙiƙa. In an rubuta 500, ana nufin kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa ɗaya. Duk abin da ya motsa yayin da marufin yake buɗe zai fito dishi-dishi. Tsuntsun da ke zaune shiru, 500 ta ishe shi. Balbela mai tafiya tana cafkar fara a bayan shanu tana bukatar 1,000. Shirwa mai kawo sura, ko tsattsewa a sama, sai 2,000 ko fiye.

Na uku shi ne ƙarfin jin haske na allon, wanda ake kira ISO, a zamanin fim kuwa aka fi saninsa da ASA. In ka ninka lambarsa, rabin hasken da ya isa. Sai dai in lambar ta yi yawa ƙwarai, hoton yakan fito da tsakuwa-tsakuwa kamar an watsa masa yashi.

Ukun nan a ɗaure suke da juna, in ka taɓa ɗaya sai ka biya a ɗaya. Alal misali, da hantsi kyamara ta nuna maka ƙofa 8, ƙiftawa 250, ISO 400. Ga hankaka yana shirin tashi, kana son ƙiftawa 1,000. Ka rage haske sau biyu ke nan, daga 250 zuwa 500, daga 500 zuwa 1,000. Don ka mayar da abin da ka rage, ko dai ka kai ISO 1,600, ko kuwa ka buɗe ƙofa zuwa 5.6 ka kai ISO 800. Kawuna yakan ce hoto mai ɗan yashi ana kallonsa, amma wanda ya yi dishi-dishi sai shara.

Akwai kuma inda kyamara take ruɗewa. In farar balbela ta tsaya gaban duhun kurmi, kyamara takan ga duhun ya fi yawa, ta ƙara haske, gashin balbelar ya wanke fes ba a ganin komai a jikinsa. A nan sai ka rage da hannunka. In kuma tsuntsu yana sama, farin gajimare na bayansa, takan rage haske har tsuntsun ya zama baƙi ƙirin. A nan sai ka ƙara.

Rawar Hannu Da Saiti

Gilashin da ya ƙara girman tsuntsu sau 8 ya ƙara girman rawar hannunka sau 8. Numfashinka ma kaɗai ya isa ya ɓata hoto. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce kada lambar ƙiftawa ta kasa lambar gilashi. Mai gilashi 400 kada ya sauko ƙasa da 500 in da hannu yake riƙe. Sababbin kyamarori suna da na'urar rage rawa a ciki, tana kuwa taimakawa, amma hannunka kaɗai take gyarawa, ba ta hana tsuntsu motsi.

Ga yadda ake riƙo. Hannun hagu a ƙarƙashin gilashin yana tallafe da shi, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, kyamara a jingine da goshi. Ka ja numfashi, ka saki rabi, ka danna a hankali kamar mai taɓa ƙwai. In akwai itace kusa, ka jingina. Masu hali sukan sayi mazauni mai ƙafa uku, wanda ba ya girgiza ko a kan dutse, kamar dai yadda tukunya take zama daram a kan murhu. Wanda ba shi da shi, ya ɗinka ɗan buhu ya cika da gero ko wake, ya aza a kan katanga ko kututture, ya kwantar da gilashin a kai. Ni da shi nake aiki, bai kuwa taɓa ba ni kunya ba.

Sai saiti. Dogon gilashi ba ya fito da komai tar daga kusa har nesa. Mai lamba 400 da ƙofa 5.6, in an saita shi a mita 10, abin da zai fito tar bai wuce zurfin taƙi ɗaya ba, watau kamar santimita 20. Abin da ke gaba da wanda ke baya duk sai su narke. Wannan yana da kyau, domin tsuntsun yakan fito shi kaɗai, ganyen baya ya zama kamar labule. Amma in saitin ya kuskure ya kama reshen da ke gabansa, an yi asara. Doka ɗaya ce a nan: ka saita a kan ido. In ido ya fito tar da ɗan ƙyallin rana a ciki, mai kallo zai yafe wutsiyar da ta yi hazo.

Yadda Ake Kusantar Tsuntsu

A nan ne ilmin maharbi yake shigowa. Ran da na fara tambayar tsohon nan yadda yake kusantar zabin daji, sai ya ce, "Ɗana, kai kake ganin tsuntsu, ko shi yake ganinka?" Na ce, "Baba, ai ni nake ganinsa." Ya yi dariya ya ce, "Tun kana bakin gona ya gan ka. Abin da ya rage shi ne ya yarda ba wajensa ka nufa ba."

Ga abin da ya koya mini. Kada ka miƙe sak zuwa wajen tsuntsu, ka bi ta gefe kamar mai wucewa. Kada ka zura masa ido, domin a daji mai zura ido mafarauci ne. Ka yi taku kaɗan ka tsaya. In ya daina ci ya miƙa wuya, ka ƙame har ya koma ga abincinsa. In ya juya baya ya tsuguna, tashi zai yi, ka kai iyakarka ke nan. Ka bar farar rigar makaranta a gida, ka sa mai launin ƙasa ko ganye. Kowane irin tsuntsu da tazarar da yake yarda da ita. Balbela da ta saba da makiyaya takan bari ka zo kusa ƙwarai, fakara kuwa tun daga nesa take shigewa ciyawa.

Abin da ya fi bin tsuntsu shi ne a bari ya zo da kansa. Ka nemi inda yake shan ruwa ko itacen da yake ci, ka kafa 'yar bukka ta zana, ka bar ta kwana biyu ko uku su saba da ita, sa'an nan ka shiga tun da duhun asuba ka zauna. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Maharban ƙasar Hausa sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi, su lulluɓe jiki, su yi rarrafe suna kaɗa kai kamar burtu mai kiwo, har su isa kusa da nama. A Ingila ma, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka buga littafin hotunan sheƙunan tsuntsaye a 1895, sun sa an yi musu sa na ƙarya da fatar sa ta gaske, ɗaya ya shiga ciki da kyamara, gilashin yana leƙowa ta ƙirji.

Lokaci Da Wuri A Ƙasar Zuru

Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwarta. Sa'an nan ne tsuntsaye suke kiwo, haske kuma yana zuwa daga gefe da laushi. Rana ta kasance a bayanka: da safe ka fuskanci yamma, da yamma ka fuskanci gabas. Tsakar rana a bazara ɓata lokaci ne, domin ƙasa takan yi zafi, iskar da ke kanta ta yi ta rawa, dogon gilashi kuwa ya tattaro rawar nan duka cikin hoto. Hunturu kuma da nasa: hazo yakan kashe launi, ƙura ta shiga ko'ina. Kada ka cire gilashi daga kyamara a fili lokacin hunturu, kada kuma ka goge shi da bakin riga, domin ƙurar yashi ce, za ta karce shi. A fara hure ta, sa'an nan a shafa da tattausan ƙyalle.

Mu a nan mun yi sa'a, muna da duwatsu, da fadamu, da gonaki masu kaɗanya da ɗorawa, kowanne da irin tsuntsayensa. Da farkon damina shamuwa takan iso ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, in ruwa ya ɗauke ta koma ƙasashen kudancin Afirka. Da yake ba a taɓa ta, ba ta gudun mutane, don haka da ita ya kamata sabon shiga ya fara. Da damina ne kuma kabare yake saƙa gidansa a reshen da ya rataya, namijin ya yi rawaya da baƙin kai, yana reto yana kaɗa fiffike. Ka saita a kan sheƙa ɗaya ka jira, zai dawo. In ɓaure ya nuna, zauna ƙarƙashinsa kawai, cilakowa da tsirya za su same ka. Da kaka jan-baki sukan taso kamar hayaƙi su faɗa wa gero da dawa da shinkafa, abin da manoman Jihar Kebbi suka sani sarai. Da rani, duk inda ruwa ya rage a gulbi nan ne mahaɗar kowa, daga zalɓe har hasbiya. In an sa wa daji wuta kuma, shirwa takan taru a bakin hayaƙin tana kama farar da ke gudu.

Namun Daji

Dabba ta bambanta da tsuntsu a abu guda: hanci. Tsuntsu da ido da kunne ya fi dogara, amma gada ko mazo sukan ji warin mutum tun bai gan su ba. Maharbi yakan ɗebi toka ko ƙura ya saki ya ga inda iska ta nufa, sa'an nan ya zagaya yadda za ta riƙa busowa daga wajen naman zuwa gare shi. Manyan namun daji sun yi ƙaranci a kewayenmu, amma akwai jan biri mai ɓarna a gonakin gindin dutse, da kurege, da zomo, da damo, da guza a bakin ruwa. Ga irin waɗannan, ka kwanta rub da ciki gilashin ya yi daidai da idonsu. Hoton da aka ɗauka daga tsaye bayan dabba kawai yake nunawa.

Muna kuma da kadojin Girmace a nan Zuru, cikin kurmi mai ruwa wanda masu al'adar wurin suke girmamawa. Kada yakan fito shan hantsi ya kwanta baki buɗe, ba ya motsi, don haka hotonsa ba wuya. Sai dai wurin yana da masu kula da shi, sai an nemi izininsu, an kuma tsaya inda suka ce. Kada mai kama da gungume yana da saurin da ba a zato. A nan dogon gilashi kariya ne ga mai shi. Haka nan dorinar Kogin Kwara wajen Yawuri, wadda takan kifar da jirgin masunta. Mai son ganin gwanki da ɓauna sai gandun daji na Tafkin Kainji, wanda ya haɗa dajin Borgu da na Zugurma, ko na Yankari a Jihar Bauchi, kuma ba a shiga sai da ma'aikatan gandun.

Hattara Da Ladabi

Ran tsuntsu ya fi hotonsa. Kada ka sare reshen da ya rufe sheƙa don ka sami fili, domin ka buɗe wa shaho da rana ke nan. Kada ka daɗe kusa da uwa mai kwanci, in ta tashi ƙwai ya huce ko ya gasu. Tsuntsu ma yana kare gidansa. A 1937 wani shahararren mai hoton tsuntsaye na Ingila, Eric Hosking, ya je wajen sheƙar mujiya da dare, ta kai masa sura, ya rasa idonsa na hagu.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi. Kowa ya san halin da masarautarmu ta shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, musamman wajen Danko-Wasagu da Sakaba, gandun Kainji ma abin bai bar shi ba. Babu hoton da ya kai ran mutum. Kada ɗalibi ya shiga daji shi kaɗai, ko ya tafi ba da sanin iyaye ko malami ba. Ku tuna kuma dogon gilashi daga nesa yana kama da bakin bindiga, mai laɓe cikin bukka da asuba kuwa abin tuhuma ne. Ka fara gaida mai unguwa da mai gonar, ka gaya musu abin da ya kawo ka, ka nuna musu hotunan. Kada ka auna gilashi wajen barikin soja, ko shingen jami'an tsaro, ko cikin gidan mutane. Tsuntsayen da ke filin makaranta da bayan gari sun isa su cinye maka shekara.

Wanda Ba Shi Da Hali Fa?

Na san wani zai ce duk wannan zancen masu kuɗi ne. To, a saurara. Yawancin ƙananan kyamarori allonsu bai kai na manya ba, wannan kuwa riba ce ga mai hoton tsuntsu, domin gilashi mai lamba 300 a jikinsu yana aiki kamar 450. Ana samun irinsu na hannu. Wanda ya sami aron madubin hangen nesa mai ƙara girma sau 8, ya aza shi a kan buhun geron nan, ya manna idon wayar hannu a bakinsa, zai sami hoton da za a gane tsuntsun. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya sami littafin rubutu da fensir, ya riƙa zana abin da ya gani da rana da wuri. Rabin aikin ke nan, ran da kyamara ta zo hannunsa zai riga mai kuɗi samun hoto.

Amfanin Wannan Aiki

Ku tambayi iyayenku yadda kwata da kasuwa suke cika da ungulu a da, har ana korarsu da sanda. Yau yaushe rabonku da ganin goma wuri ɗaya? A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu cikin jerin halittun da suke gab da ƙarewa. Cikin dalilan akwai guba, da sare manyan itatuwan da take sheƙa, da masu sayen kanta da ƙafafunta don haɗa magani. Ungulu kuwa ita ce mai share mana mushe kafin ya yaɗa cuta. A Indiya, da ungulaye suka mutu a shekarun 1990 saboda wani maganin shanu, karnukan sake suka yawaita a kan mushen, ga kuma ciwon haukan kare. Gauraka ma, wadda kakanninmu suka saba gani a fadama, yau da wuya a gan ta a Nijeriya.

Nijeriya tana da irin tsuntsaye fiye da 900. A Laminga kusa da Jos akwai Cibiyar A. P. Leventis ta nazarin tsuntsaye, wadda aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos. A 2015 ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 a kowane gefe, 'yan sa kai suna rubuta tsuntsayen da suka gani a ciki. In ɗalibi ya ce ya ga tsuntsu kaza, masani yana iya shakka. In ya nuna hoto da rana da wuri, magana ta ƙare, gani ya kori ji. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garinmu tun 2020, wanda ya fara da hoton kurciya yau yana iya ƙarewa a can yana nazarin yadda za a kare gero daga jan-baki.

Ga aikin da nake roƙon kowane aji ya gwada a wannan zango. Ku zaɓi itace ɗaya a filin makaranta. Kowace Asabar da safe mutum biyu su zauna minti 30 nesa da shi kaɗan, su rubuta kowane tsuntsu da ya sauka, da sunansa na Hausa da na C'Lela in sun sani, in ba su sani ba su tambayi tsofaffi. Mai kyamara ko waya ya ɗauka, ya rubuta rana da sa'a. Ƙananan ƙannenmu masu yawo da danƙo a aljihu, a ja su a ba su aikin ƙirga. In zango ya ƙare mu haɗa abin da muka samu mu kai wa malamin kimiyya, a ajiye a laburare, domin waɗanda za su zo bayanmu su san abin da ke kan itatuwan nan a zamaninmu, su kuma gwada da nasu.